Takardar Talaka da Kujerar Shugaban Ƙasa

Da asubahin Asabar, 6 ga Yuli 2013, 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandaren gwamnati da ke Mamudo, 'yar tafiya kaɗan daga Potiskum, suka kashe mutum 42, akasarinsu ɗalibai 'yan kwana. A lokacin Yobe na ƙarƙashin dokar ta-ɓacin da Shugaba Goodluck Jonathan ya sanya a watan Mayu, tare da Borno da Adamawa, an kuma katse layukan wayar salula da sunan tsaro, ta yadda wanda ya ga baƙuwar fuska ba shi da hanyar kiran kowa. Gwamna Ibrahim Gaidam ya rufe makarantun sakandare na jihar, ya roƙi a maido da waya. Ba a tsaya nan ba. Kwalejin Aikin Gona ta Gujba ta biyo baya a watan Satumba, sai Buni Yadi a Fabrairun 2014, sai kuma bam a wajen taron ɗalibai na safe a makarantar kimiyya ta Potiskum ranar 10 ga Nuwamba 2014. To, a ce uban ɗaya daga cikin yaran nan ya ɗauki biro ya rubuta wa ɗan majalisar da ke wakiltar Potiskum da Nangere, ko sanatan Yobe ta Kudu, ya ce shugaban ƙasa ya kasa aikin da ya yi rantsuwa a kansa, don haka majalisa ta fara shirin tsige shi. Mutumin nan ya yi tawaye ne, kamar yadda wasu masu wa'azi za su yi saurin cewa, ko kuwa ya sauke wani nauyi ne da ke kansa? Ra'ayina shi ne ya sauke nauyi, matuƙar abin da ya rubuta gaskiya ne, kuma hujjojin da ake kawowa don hana shi sun fi dacewa da wani yanayi dabam.

Masu hani ba su fito da maganarsu daga iska ba, kuma bai kamata a yi musu riƙon sakainar kashi ba. Hadisan da suka yi umarni da ji da ɗa'a ga shugaba ingantattu ne, suna cikin Bukhari da Muslim, kuma malaman Sunna sun daɗe da tsayawa a kan cewa zaluncin sarki ya fi sauƙi a kan zaman da ba sarki. Suna da tarihin da za su nuna. Fitinar da ta kai ga kashe Sayyidina Usman a shekara ta 35 bayan Hijira ta faro ne da ƙorafe-ƙorafe a kan gwamnoni, da tawagogin da suka zo Madina daga Masar da Kufa da Basra, da wata takarda da aka ce an kama a hanya. Duk wanda ya zauna a Yobe cikin shekarun Boko Haram kuma ya san yadda wa'azin da ya fara da zagin hukuma ya ƙare da yanka 'ya'yan talakawa a ɗakin kwanansu. Saboda haka idan malami a Potiskum ya ji an ambaci sauke shugaba gabansa ya faɗi, yana da dalili.

Sai dai abin da hadisan suka hana shi ne fisge mulki daga hannun mai shi da ƙarfi, da zare takobi, da warware mubaya'a. A cikin mubaya'ar da Ubada ɗan Samit ya ruwaito, wadda aka fi kafa hujja da ita wajen hana jayayya da masu mulki, har da sharaɗin faɗin gaskiya a duk inda mutum yake ba tare da tsoron zargin kowa ba. Abu biyun tare aka ɗaura su, amma sau da yawa rabin farko kawai ake karantawa a kan mumbari. Malaman da suka rubuta a kan tsarin mulki ma ba su taɓa ɗaukar shugabanci a matsayin abin da ba ya warwaruwa ba. Mawardi, wanda ya rasu a 1058, ya ɗauke shi a matsayin ƙulla alkawari tsakanin shugaba da waɗanda ke da ikon ɗaurewa da kwancewa a madadin al'umma, ya kuma lissafa abubuwan da ke fitar da mutum daga cancanta, na ɗabi'a da na lafiyar jiki. Juwaini ya faɗaɗa maganar, ya auna ɓarnar barin shugaba da ɓarnar cire shi. Abin da ya dame su duka shi ne wa zai cire, kuma ta wace hanya, ba tare da jini ya kwarara ba. A zamaninsu amsar ta yi wuya, domin duk wanda ke son sauke sarki sai ya tara runduna.

Tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya amsa wannan tambaya a sashe na 143, kuma hanyar da ya shimfiɗa doguwa ce da gangan. Sai kashi ɗaya cikin uku na 'yan Majalisar Tarayya, wato 157 cikin 469, sun sa hannu a takardar zargi mai bayani dalla-dalla. Sai kashi biyu cikin uku na kowace majalisa, sanatoci 73 da wakilai 240, sun yarda a bincika. Sai Alƙalin Alƙalai ya naɗa mutum bakwai da ba 'yan jam'iyya ba, su saurari shugaban ko lauyansa, su kawo rahoto cikin wata uku. Idan suka wanke shi magana ta mutu, idan suka same shi da laifi sai an sake samun kashi biyu cikin uku kafin ya sauka. Duk wanda ya ɗaga Alƙur'ani ko Baibul a Dandalin Eagle ya yi rantsuwar kama aiki, ya karɓi kujerar ne da wannan sashe a cikinta, kamar yadda ya karɓe ta da wa'adin shekara huɗu. Musulmi kuwa an san shi da cika sharaɗin da ya amince da shi. 'Yan majalisa su ma masu riƙe da al'amari ne a wannan tsari, su ne masu ɗaurewa da kwancewa na wannan zamani, ko mun ji daɗin halinsu ko ba mu ji ba. Wanda ya rubuta musu bai fita daga ƙarƙashin hukuma ba, ya kai ƙarar wani ɓangare nata ne gaban wani ɓangaren, kamar manomin da ya kai ƙarar dagaci wurin hakimi, wanda ba a taɓa kiran sa ɗan tawaye ba a ƙasar Hausa ko a Borno.

Akwai masu cewa to, ko nasiha ce ai a asirce ake yin ta, a kama hannun shugaba a keɓe da shi, kamar yadda ya zo a wata ruwaya. Wannan ladabi ne mai kyau ga wanda ke da hanyar shiga fada. Mutumin Mamudo da ke saye da sayarwa a kasuwar shanu ta Potiskum ba zai taɓa kama hannun mai Aso Rock ba, ko gwamnansa ma sai dai ya hango jerin motoci. Idan aka ce masa ko dai a asirce ko kuwa shiru, an ce masa ya yi shiru ke nan har abada. Magabata ma ba su fahimci abin da wannan tsauri ba, domin Muslim ya ruwaito yadda aka yi wa Marwan inkari a bainar jama'a a filin Idi lokacin da ya gabatar da huɗuba a kan salla, kuma Abu Sa'idul Khudri ya goyi bayan inkarin. A nan gida, Al-Maghili ya gargaɗi Sarkin Kano Muhammadu Rumfa a kan shugaba ya ɓoye kansa daga talakawa, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kuma ya rubuta laifuffukan sarakunan Hausa ɗaya bayan ɗaya a littafin da almajirai suka yi ta kwafa. Takardar da aka sa a ambulan aka miƙa a ofishin mazaɓa ma ta fi duk waɗannan kusa da sirri.

Hujjar da ta fi nauyi a wurina ba ta fiƙihu ba ce, ta tarihin ƙasar nan ce. Tsigewa a Najeriya ba ta da kyakkyawan suna. Balarabe Musa na PRP ya rasa kujerar gwamnan Kaduna a watan Yuni 1981 a hannun majalisar da NPN ta mamaye, wadda tun farko ta ƙi amince masa da kwamishinoni, kuma har ya rasu a 2020 ba a san shi da dukiyar da za a ce ta sata ce ba. A 2006 'yan majalisa 18 cikin 32, waɗanda suka faro shirin a wani otal a Ibadan, suka ce sun tsige Rashidi Ladoja, sai da Kotun Ƙoli ta maido da shi. A Filato ma 'yan tsiraru ne suka sauke Joshua Dariye kotu ta rushe, haka Peter Obi a Anambra. Murtala Nyako na Adamawa, ɗaya daga cikin gwamnonin da ke ƙarƙashin dokar ta-ɓaci, ya rubuta wa gwamnonin Arewa wasiƙa mai zafi yana zargin gwamnatin Jonathan a watan Afrilu 2014, a watan Yuli aka tsige shi, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke tsigewar a 2016 bayan wa'adinsa ya riga ya wuce. Mai hankali zai ce makamin da aka yi irin wannan wasa da shi bai kamata a zuga talaka ya taɓa shi ba. Amma a dubi jerin da kyau. Babu ɗaya daga cikinsu da ya taso daga ƙorafin masu zaɓe. Duk daga sama suka sauko, daga ubangidan siyasa, ko fadar shugaban ƙasa, ko rikicin jam'iyya, kuma an yi su ne cikin gaggawa don kada jama'a su samu zarafin magana. Ɗan majalisa dole ya ji matsin wani. Idan mutanen mazaɓarsa suka janye saboda taƙawa, ba a bar shi da Allah da lamirinsa ba, an bar shi da mai jakar kuɗi.

Kuma inda aka toshe wannan ƙofa ba zaman lafiya ke biyowa ba. A Nijar, da Shugaba Tandja Mamadou ya nemi tazarce a 2009, ya rushe majalisa ya rushe kotun tsarin mulki da ta hana shi, sai soja suka zo masa ranar 18 ga Fabrairu 2010. Mu ma an sauke mana shugabanni da bindiga a 1966 da 1975 da 1983 da 1985, ba a taɓa sauke ko ɗaya da ƙuri'ar majalisa ba. Wanda ke tsoron fitina da gaske, hanyar takarda da sa hannu ya kamata ya fi kowa son ganin tana aiki.

Wannan bai mayar da kowace takarda ibada ba. Mai rubutu shaida yake bayarwa, kuma hukuncin shaidar zur bai canja ba don wanda ake zargi babba ne. Saƙon da wani ya tsara a WhatsApp aka ce kowa ya tura wa sanatansa, cike da zargin da mai turawa bai san tushensa ba, ƙazafi ne da aka raba wa mutum dubu, kowa da rabonsa na alhaki. Ba kuma kowace gazawa ce ta kai matsayin babban laifin da sashe na 143 ke nufi ba. Tsadar masara ko janye tallafin mai, komai zafinsu, maganinsu ranar zaɓe. Amma tsarin mulkin da kansa ya ce tsaro da walwalar jama'a su ne dalilin farko na kafa gwamnati, don haka wanda ya ga an kashe ɗalibai a makarantu huɗu cikin jiha ɗaya a ƙasa da shekara ɗaya da rabi yana da abin da zai ɗora zargi a kai, hukunci kuma na masu bincike ne. Gwajin da ya fi wuya shi ne na adalci. Da yawa daga cikin waɗanda suka ga Jonathan ya cancanci saukewa saboda kisan Mamudo da sace 'yan matan Chibok sun koma karanto hadisan ɗa'a lokacin da aka kwashe 'yan mata 110 a Dapchi a 2018, da 'yan makarantar Ƙanƙara a 2020, don mai kujerar ya zama namu. Hukuncin da ke sauyawa idan sunan shugaba ya sauya, son kai ne aka naɗa wa rawani.

Saura masu cewa wahalar banza ce, takardar za ta ƙare a kwandon shara. Suna da abin nunawa. A watan Agusta 2002 Majalisar Wakilai ƙarƙashin Ghali Umar Na'Abba ta ba Obasanjo mako biyu ya sauka ko a tsige shi, ta lissafa har da kisan Odi da Zaki Biam, daga baya dattawa suka shiga tsakani maganar ta bi ruwa. A ranar 27 ga Yuli 2022, bayan harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna da fasa gidan yarin Kuje, sanatocin adawa suka ba Buhari mako shida, suka fice daga zauren bayan shugaban majalisar, Ahmad Lawan, ɗan Yobe ta Arewa, ya ƙi ba su damar gabatar da batun. Mako shida suka wuce ba a sake jin komai ba. Barazanar duka biyu a cikin zaure aka haife ta, babu wata igiya da ta ɗaure ta da mazaɓu, shi ya sa ta yi saurin tsinkewa. A Koriya ta Kudu kuwa, a ƙarshen 2016, jama'a sun cika tituna sun kuma cika wayoyin 'yan majalisa da saƙonni, har 234 cikin 300 suka kaɗa ƙuri'ar tsige Park Geun-hye, ciki har da 'yan jam'iyyarta da dama, kotu ta tabbatar a watan Maris 2017. Ba sai an je nesa ba ma. A 2006, da aka kawo gyaran tsarin mulkin da zai ba Obasanjo wa'adi na uku, ana ta raɗe-raɗin kuɗin da aka ware don sayen ƙuri'u, shugaban majalisar dattawa Ken Nnamani ya bari aka nuna muhawarar kai tsaye a talabijin, kowane sanata ya tashi ya faɗi matsayinsa yana sane da cewa mutanen garinsu na kallo, kuma zai koma gida ya same su. Ranar 16 ga Mayu majalisar ta yi watsi da ƙudurin baki ɗayansa.