Wa Sojan Gona Ya Cuta?

A shekarun farko da na fara koyarwa, akwai wani dattijo a majalisarmu ta Kutama da kowa ke ce wa Saje. Dogo ne, mai murya, ba ya rabo da wata tsohuwar hular kaki ko da babbar riga ya sa. In aka idar da sallar isha'i aka kewaye teburin mai shayi, bakin magana nasa ne. Ya san garuruwan kurmi kamar a can aka binne cibiyarsa: Inugu, Nsukka, Fatakwal, Anaca. Ya iya kwaikwayon ƙarar igwa har yara su toshe kunnuwa. Bai taɓa roƙon kowa ba. Iyakar ribarsa a saya masa shayi, a ce "Saje, mazan fama," ya miƙe ya sara.

Ni da kaina na gayyato shi makaranta. Ina koya wa 'yan aji shida labarin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, sai na ga gara su ji daga bakin wanda ya je. Ya zo, ya shafe fiye da awa guda a gindin darbejiya yana ba su labarin yadda ya ƙetare kogin Kwara harsasai na zuba kamar ƙanƙara. Yara suka yi ta tafi. Wanda ya share wurin ya jera bencina kuwa maigadinmu ne, wani tsoho marar magana, mai kunne ɗaya da ba ya ji sosai. Abin da muka sani game da shi kawai shi ne ba ya ƙetare rafi da damina, ko ruwan iya gwiwa ne. Ya gwammace ya zagaya, ko ya fasa tafiyar.

Bayan shekaru, wannan tsohon maigadi ya zo mini da wasu takardu a ƙulle cikin leda, yana so in cika masa fom ɗin fansho. Ina buɗewa na ga takardar sallama daga aikin soja, da lambarsa, da sunan runduna ta biyu, wadda Murtala Muhammad ya jagoranta. Na ce, "Baba, ashe ka je yaƙi?" Ya ce, "Na je, Malam." Da ƙyar na tatsi sauran. Yana cikin waɗanda aka loda a jiragen ruwa daga Asaba zuwa Anaca a watan Oktoba na 1967, ƙetaren da ya ci rayuka masu yawa, wasu da wuta, wasu da ruwa. Na tambaye shi abin da ya faru a cikin garin Asaba kafin nan, kisan da mutanen garin ke makokinsa har yau. Ya sunkuyar da kai, ya ɗauki lokaci yana jan carbi, bai amsa ba.

Da na ambaci Saje, sai ya ce ai ya san shi tun a Kaduna, taba da goro yake sayarwa a bakin bariki, kuma ya ji labarai da yawa daga masu dawowa. Na ce, "Haba Baba, kana tsaye ranar nan, me ya hana ka magana?" Ya ce, "Malam, in na ce nasa ƙarya ne, za ku ce in ba da nawa. Ni kuwa nawa ba ya faɗuwa."

Tun daga ranar nake fama da tambaya ɗaya. Mutumin da bai ci kuɗin kowa ba, bai daki kowa ba, ya ɗebe wa mutane kewa da dare, wa ya cuta?

Ba mu kaɗai ke wannan tambaya ba. A Amurka an yi doka a 2006 da ta mai da ƙaryar samun lambar yabo ta soja laifi. Wani mutum mai suna Xavier Alvarez ya tashi a taron hukumar ruwa a Kalifoniya ya ce shi tsohon soja ne mai riƙe da lambar yabo mafi girma a ƙasar, alhali bai taɓa shiga soja ba. Shari'a ta kai Kotun Ƙoli, a 2012 kuma alƙalai shida cikin tara suka soke dokar, bisa hujjar cewa ta taka 'yancin faɗin albarkacin baki. A 2013 aka sake rubuta ta, ta koma kan wanda ya yi ƙaryar don ya sami kuɗi ko wani abin duniya. Wato a wurin kotu, sai an ga abin da ya fita daga aljihun wani kafin a ce an yi cuta. Na fahimci tsoron da ke bayan wannan hukunci, don gwamnatin da aka ba ikon ɗaure duk mai ƙarya ba za ta tsaya a kan maƙaryata ba. Amma abin da alƙali ba zai hukunta ba daban, abin da bawa zai amsa gobe kiyama daban.

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Asma'u 'yar Abubakar cewa wata mata mai kishiya ta tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko akwai laifi in ta nuna wa kishiyar cewa miji ya ba ta abin da bai ba ta ba. Ka duba ƙanƙantar abin. Babu kuɗi, babu muƙami, 'yar baƙanta rai ce ta cikin gida. Duk da haka ya kamanta mai yin wannan da wanda ya sa tufafi biyu na ƙarya. Na daɗe ina tunanin dalilin da ya sa aka ce biyu. Daga cikin abin da malaman sharhi suka kawo akwai cewa a da, mutum kan ari kaya masu kyau ya sa in za shi ba da shaida, don a ga shigarsa a gaskata shi. Wannan fassara ta kama ni, domin ta haɗa rigar aro da shaidar zur wuri guda. Mu ma da bakinmu "takardar shaida" muke ce wa satifiket. Digiri shaida ce da malamai suka bayar cewa wane ya zauna a gabanmu, mun gwada shi, ya iya. Kaki shaida ce da ƙasa ta bayar cewa wane ya miƙa wuyansa. Wanda ya sa su ba da haƙƙi ba ya yi ƙarya a kan kansa, ya kuma sa ƙarya a bakin waɗanda ba su ce komai ba. Shaidar zur kuwa, a hadisin Abu Bakrata, Annabi yana kishingiɗe ya tashi zaune da ya zo kanta, ya yi ta maimaitawa.

Akwai kuma aya ta 188 a suratu Ali Imrana, wadda ta yi gargaɗi mai tsanani ga masu son a yabe su da abin da ba su aikata ba. A can ma ba a ambaci kuɗi ba. Yabon kansa shi ne kayan da aka ɗauka. A hadisin da Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira kuwa, cikin mutum uku da za a fara yi wa hukunci akwai wanda ya yi yaƙi da gaske har aka kashe shi, amma don a ce masa jarumi ya yi. Wannan ya zubar da jininsa, niyya ta kayar da shi. To ina ga wanda ya karɓi sunan jarumta yana zaune a inuwa?

Abin da Saje ya ɗauka na maigadinmu ne. Ya kwashe ɓangaren yaƙi mai daɗin ji, ya bar wa mai shi kurman kunne da tsoron ruwa da abin da ba ya faɗuwa. Yara arba'in suka tashi daga gindin darbejiya suna ganin yaƙi abin sha'awa ne, don wanda ya ba su labarinsa bai taɓa ɗaukar gawar abokinsa ba.

Da abin ya tsaya a shayi da tafi, da sai in ce zunubi ne tsakanin mutum da Ubangijinsa da wasu tsofaffi kaɗan. Amma tushen ɗaya ne da na wata cuta da ta shigo har cikin gidanmu. A wani ƙauye kusa da mu akwai mai shagon kemis da ya taɓa aikin share-share a wani asibiti a birni. Ya dawo da farar riga da abin sauraron ƙirji rataye a wuya. Muka sa masa Dakta. Yana allura, yana ƙarin ruwa, yana rubuta magani. Ɗan ƙanwata na da shekara huɗu zazzaɓi ya kama shi da dare, ta ce mini, "Yaya, mu kai shi Gwarzo ko?" Na duba duhu da nisa da kuɗin mashin, na ce ai ga Dakta nan kusa. Ya yi masa allura a ɗuwawu, yaron ya ƙwalla wata ƙara da ban taɓa jin irinta ba. Zazzaɓi ya sauka, ƙafa ba ta tashi ba. Da muka kai shi wurin likitoci na gaske suka bayyana mana cewa akwai wata babbar jijiya da ta ratsa wurin ta sauka har tafin ƙafa, shi ya sa ake koya wa ma'aikatan jinya su yi allura a sama ta gefen waje, nesa da ita. Darasi ne na farkon karatu. Yaron yanzu magidanci ne, yana ɗinki, yana jan ƙafar hagu. Ana cewa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Ni dai duk sallah ina ganin abin da wannan ta haifa yana shigowa gaishe ni.

Shari'a ba ta bar wannan ba. Abu Dawuda da Nasa'i da Ibnu Majah sun ruwaito hadisin da ya ɗora lamuni a kan wanda ya yi wa mutane magani ba a san shi da ilimin likitanci ba. A Bagadaza, a shekara ta 931, da wani majinyaci ya mutu ta dalilin kuskuren mai magani, halifa Muƙtadir ya sa babban likitansa Sinan ɗan Sabit ya jarraba masu aikin, fiye da mutum 860, kafin a bar kowa ya ci gaba. A Kano ma akwai hukumar PHIMA mai sa ido kan asibitoci masu zaman kansu, muna jin labarin wuraren da take rufewa. Sai dai hukuma na zuwa ne bayan an yi allurar.

A ƙauye, kafin takarda, gari ne shaida. Kowa ya san gidan wanzamai, ya san maɗorin da ya gaji ubansa, ya san ungozomar da ta karɓi rabin unguwa. A tsangaya ba ka wayi gari ka ce kai gwani ne. Daga kolo ake farawa, a yi titibiri, a yi gardi, kuma sai alarammomi sun zauna sun saurare ka, sun ga rubutunka da ka. Imamu Malik, wanda muke bin mazhabarsa, an ruwaito cewa bai zauna ba da fatawa ba sai da malamai saba'in suka shaida ya cancanta, kuma duk da haka an taɓa yi masa tambaya 48 ya ce bai sani ba a 32 daga ciki. Da duniya ta yi faɗi, muka daina sanin juna, sai takarda ta tsaya a madadin waɗancan idanu. Shi ya sa mai ƙirƙirar takarda ya fi mai ƙaryar baki ɓarna, yana gurɓata rijiyar da kowa ke sha.

Mu Kanawa ba ma bukatar a ba mu labarin nesa. A 1999 Salisu Buhari ya zama kakakin majalisar wakilai, a watan Yuli mujallar TheNews ta fallasa cewa digirin da ya ce ya samu a Jami'ar Toronto babu shi, shekarunsa ma bai kai 30 da tsarin mulki ya gindaya a lokacin ba. Ya sauka, ya nemi gafara yana kuka, kotu ta same shi da laifi, daga baya Obasanjo ya yi masa afuwa. Shi dai ya amsa laifinsa a bainar jama'a, abin da da yawa ba su yi ba. A ƙarshen 2023 kuma ɗan jarida Umar Audu na Daily Nigerian ya nuna yadda ya sayi digiri daga Kwatano cikin mako shida, har ya shiga bautar ƙasa da shi, abin da ya sa gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun jami'o'in Benin da Togo a watan Janairun 2024. Ina tuna ɗalibaina da iyayensu suka sayar da gero da akuya suka yi shekara huɗu, wasu shida saboda yajin aiki. A layin neman aiki, takardarsu da ta Kwatano nauyinsu ɗaya a hannun mai karɓa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne namu hannun a ciki. Saje bai naɗa kansa shi kaɗai ba, mu muka amsa. Mai kemis bai buga hatimi ba, bakinmu ne ya ba shi digirin. Muna raba Dakta da Injiniya da Manjo da Shehi kamar goron suna, muna kiran abin girmamawa. Na san mutumin nan shara yake yi a asibiti. Na sani tun kafin daren. Amma na kira shi Dakta sau ɗari cikin raha, har ranar da na bukaci likita sai bakina ya riga hankalina. Na nemi gafarar ƙanwata, ta ce, "Yaya, haka Allah ya ƙaddaro." Na yarda da ƙaddara, amma imani da ita bai ɗauke mini tambayar da za a yi mini ba.

Saje da maigadi duk sun rasu, Allah ya jiƙansu, ya yafe mana da su. Ban taɓa tona Saje yana raye ba. Na ce tsoho ne, a rufa masa asiri, kuma har yanzu ina ganin rufin asiri abu ne mai kyau. Sai dai ban lura ba cewa da mayafin wani nake rufa masa.

Bara na haɗu da ɗaya daga cikin 'yan aji shidan nan a tashar Gwarzo, da 'ya'yansa biyu maza. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce wa yaran, "Ga malamin da ya kawo mana Saje, wanda nake ba ku labarin ya ƙetare Kwara." Na ja shi gefe, na gaya masa gaskiya duka, na ce wanda ya ƙetare kogin shi ne wanda ya jera muku bencina. Ya yi shiru yana tunani, kwandasta na ta kiran Kano, Kano. Can ya ɗago ya ce, "Gafarta Malam, wane maigadi ke nan?"