Arahar Bindiga da Tsadar Jini

Tun watan Disamba na 2023, sa'ad da Wad Madani, babban birnin jihar Jazira a Sudan, ta faɗa hannun dakarun kai ɗaukin gaggawa na Da'amus Sari', aka kuma shiga kiran jama'a su ɗauki makami don kare kansu, wata tambaya ta shiga zaurukan Hausawan Jazira: wace ƙaramar bindiga ce mai sauƙin kuɗi, wadda manomin da bai saba riƙe abin da ya wuce lauje a gonarsa ba zai iya saye, ya ɓoye ƙarƙashin jallabiya? Wanda ya ji labarin ƙauyen Wad Annura, inda aka kashe fiye da mutum 100 a watan Yuni na 2024, ba zai yi gaggawar zargin mai wannan tambaya ba.

Shari'a ba ta hana mutum tunkuɗe wanda ya kawo masa hari ba, har ma ya tabbata a hadisi cewa wanda aka kashe wajen kare dukiyarsa ko iyalinsa shahidi ne. Amma fukaha'u na mazhabar Maliku, da yake sun san zuciya takan riga hankali, sun gindaya sharuɗɗa: a fara gama ɗan fashi da Allah in da hali, a tunkuɗe shi da mafi sauƙin abin da zai tsai da shi, kuma in abin da yake nema kaɗan ne, kamar abinci ko riga, a ba shi ya tafi, domin buhun dawa ana sake noma shi, rai kuwa ba a mayar da shi. Malamai sun kuma hana sayar da makami a zamanin fitina, don toshe ƙofar ɓarna.

Jikokin muhajiran da suka bi Muhammadu Bello Mai Wurno zuwa gaɓar kogin Bahar Azraƙ, bayan an kashe mahaifinsa Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi cikin 1903, sun riga sun ga abin da makami ke yi idan ya bazu ba mai tsawatawa. Rikicin Damazin da Rusairis na Yulin 2022, wanda ya taso daga jayayyar ƙasa da sarauta, maƙwabta ne suka yi shi da junansu. Bindigar da aka saya don baƙon azzalumi ba ta barin gida bayan azzalumin ya tafi, kuma ga ta nan rataye ranar da aka yi saɓani kan rabon ruwan ban-gona, ko ranar da yaro ya laluba ƙarƙashin gado. Saboda irin wannan ne Sahabi Muhammadu ɗan Maslama, jarumin da ba a taɓa tuhumarsa da tsoro ba, ya ƙaurace wa fitina ya riƙi takobin itace.

Don haka, kafin magidanci ya tambayi farashi, wajibi ne ya amsa wa kansa abu uku: ko da iznin hukuma da sanin dattawan gari zai riƙe ta, ko yana da ilmin haddin da shari'a ta yanka masa, da kuma ko yana iya mallakar fushinsa. Wanda ya rasa ɗaya daga cikinsu, ko kyauta aka ba shi bindigar ta yi masa tsada, gama jini shi ne farkon abin da za a yi hukunci a kansa tsakanin mutane ranar Alƙiyama.