Biki a Ƙarƙashin Aya

A unguwar Holland Park ta birnin Landan akwai gidan da mai zane Frederic Leighton ya fara ginawa a shekarun 1860, zamanin Sarauniya Biktoriya, ya zauna a ciki har rasuwarsa a 1896. Yau gidan tarihi ne, ana kuma ba da shi haya ga masu biki da liyafa. Abin da ya fi jan masu ziyara shi ne zauren Arab Hall: ƙubba a sama, ɗan tafki a tsakiya, bangaye kuma an lulluɓe su da tsofaffin tayil, akasarinsu daga Dimashƙ. A jikin wasu akwai ayoyin Alƙur'ani.

To, ya dace a yi shagali a ƙarƙashin rubutun da wasu ke girmamawa?

Masu ba da haya suna da hujja. Tsohon gini cin kuɗi gare shi. Rufi na yoyo, danshi na cin bango, kuma kuɗin haya na cikin abin da ke barin ƙofa a buɗe. Leighton da kansa yakan tara baƙi su saurari kiɗa a gidan, don haka taro ba sabon abu ba ne a wurin.

Sai dai wanda ya sayi tayil ya mallaki yumɓu da fenti ne kawai. Ma'anar rubutun tana hannun masu karanta shi. Magina na Dimashƙ sun rubuta ayoyin ne don idon da zai gane su ya nutsu. Baƙon da ya jingina da bangon yana ɗaukar hoto bai yi nufin raini ba, ado kawai yake gani. Alhakin yana kan wanda ya sani ya yi shiru.

A ganina haya ba laifi ba ce, muddin amana ta biyo ta. Duk wanda zai karɓi gidan, a gaya masa abin da aka rubuta da inda aka samo shi. Ci da sha da rawa a kai su sauran ɗakuna da lambu, a bar wannan zaure ga kallo da natsuwa. Gidan tarihin da ya iya gaya wa baƙo farashin haya bai kamata ya kasa gaya masa abin da ke rubuce a saman kansa ba.