Zaure da Haƙƙin Baƙo a Kan Mai Gida

Duk wanda ya ratsa lungunan unguwar Birni a Damagaram zai lura cewa tsohon gida yakan gai da mutum tun kafin mai shi ya fito. Ga zankwaye bisa soro, ga zane a fuskar bango, ga dakali, ga kuma zaure a buɗe tun daga asuba har bayan lisha. Idan mutumin nan ya zarce sababbin unguwannin Yamai ko na Maraɗi, sai ya iske doguwar katangar siminti da ƙofar ƙarfe, garejin mota kuma ya gaje wurin zaure. A nan tambaya take tasowa: shin gida na mai shi ne shi kaɗai, ko kuwa akwai wani rabo a cikinsa da yake haƙƙin wanda bai aza ko tubali ɗaya ba?

Maginan da sun ba da amsarsu da laka da azara. Sukan yi wa zaure ƙofa biyu waɗanda ba sa duban juna, domin baƙo ya samu inuwa ba tare da idonsa ya kai cikin gida ba. A nan malam yake biya wa almajirai karatu, a nan ake neman aure, a sasanta masu husuma, a karɓi gaisuwar mutuwa. Da almuru a fito da akussa, maƙwabta su haɗu su ci tare, mai miyar nama da mai miyar kuka, babu wanda zai kwana da yunwa a ɓoye. Matafiyin da dare ya yi wa kuwa, sallama kawai ta ishe shi. Sau da yawa zaure ne ya fi kowane ɗaki ado da tsada, wato mai gida yakan kashe mafi kyawun dukiyarsa a kan ɗakin da ba ya kwana a ciki.

Masu ginin zamani suna da hujjojinsu, kuma adalci ne a saurare su, tun da mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Bayan ambaliyar 1945, da Maraɗi ta taso daga kwarin gulbi ta hau tudu, sai aka yanka filaye a kan layi. Sannu a hankali fili ya zama abin awo da ciniki a dukan birane. Magidancin da ya sayi ɗan fili da gumin shekaru, ko wanda yake zaman haya, ina zai samu wurin baƙo alhali ƴaƴansa suna cunkushe? Ga tsoron ɓarayi. Ga wahalar laka, wadda take neman yaɓe a kai a kai; a watan Satumba na 2024 ruwan sama ya rushe tsohon masallacin Birni na Damagaram, wanda ya haura shekara ɗari da hamsin. Wasu kuma suna tunatarwa cewa zaure fadar maza ce, mata suna can baya, ba a jin ta bakinsu.

Sai dai waɗannan hujjoji sun fi shafar kayan gini fiye da manufar ginin. Ita kanta laka ba ta mutu ba: masallacin Yama a jihar Tawa, wanda Falke Barmu ya soma ginawa a 1962, ya ci kyautar Aga Khan a 1986. Kuma babu abin da ya hana a gina zaure da bulo. Abin da ya sauya shi ne zuciya. Za a ce ai falo ya maye gurbinsa, amma falo sai da gayyata ake shiga, kuma mabuƙaci yana jin nauyin buga ƙofar ƙarfe. Gaskiya ne shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, to amma wa zai ga fuskar da take bayan katanga?

Samarin birane sun nuna cewa buƙatar tana nan. Fadojin da suke kafawa a bakin titi, kewaye da butar shayi, zauruka ne da aka kora waje, babu rufi, babu dattijon da zai tsawata ko ya ba da shawara. Manya suna kukan tarbiyya ta lalace, alhali su ne suka rushe ɗakin da yaro yake zama kusa da babba yana koyon magana da shiru.

Haƙƙin baƙo ba ya wuce ƙarfin mai gida. Mai hali ya ware ɗaki mai ƙofa ta waje, wanda mace da namiji za su iya yin sallama a cikinsa. Marar hali ya kafa rumfa, ya ɗaura dakali, ya dasa bedi, ya ajiye randa da moɗa. Katanga tana tsare dukiya, amma ranar da gobara ta tashi ko aka yi rasuwa da tsakar dare, waɗanda suka saba zama a ƙofar gidan su ne za su fara isowa.