MAGEN DA TA TSUFA A HANNUNMU



'Yan uwa, matsalar yau daga cikin gidana ta fito.

Muna da wata mage da yara ke kira Baturiya, saboda fara ce tas. Mahaifiyarmu, Allah Ya jiƙanta, ita ta tsince ta a bakin rariya tana 'yar jaririya, shekarar da na tafi karatu. Na je na dawo na same ta, na yi aure tana nan, Inna ta rasu ta bar mana ita. Shekararta 14 a gidan, kuma muddin tana da ƙarfinta ɓera bai taɓa huda mana buhu ba.

Bayan Babbar Sallah muka ga ta canza: shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, yawan fitsari, ga rama ga amai, abinci kuwa sai ta sunsuna ta kau da kai. Na kai ta asibitin dabbobi. Likita ya gwada jininta ya ce ƙoda ce ta gaza, ciwon da ya yawaita a tsofaffin maguna, kuma ƙodar da ta lalace ba ta komawa. Abin da ya rage shi ne ƙarin ruwa ta ƙarƙashin fata, sauya abinci, da maganin amai. Ya kuma ja kunnena kada a kuskura a ba ta Panadol, domin guba ne ga mage. Ku riƙe wannan.

Ina dawowa da ita a kwali wani abokina ya tare ni: "Haba Liman! Mutane na kwana da yunwa, kai kana kai mage asibiti?" Ban ji haushi ba, don maganarsa tana da nauyi. Na kwana ina juya ta.

Gaskiya ne haƙƙin ɗan Adam shi ne gaba. Idan kuɗin maganin mage su ne na cefanen iyalinka, ko na maƙwabcinka da bai ɗora tukunya ba, to babu ja, mutum za ka fara. Amma kasancewar wani haƙƙi a gaba ba ya goge na bayansa. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Ibn Umar cewa wata mata ta shiga wuta saboda mage da ta tsare har ta mutu, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nema wa kanta ba. Ku lura fa, ba a ce ta doke ta ba. Ta riƙe ta ne sannan ta yi sakaci da ita. Sun kuma ruwaito labarin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare, kuma Manzon Allah (SAW) ya bayyana cewa akwai lada a kyautata wa kowane mai rai.

To mu ya muke yi? Mage ta tsufa, a cusa ta a buhu a kai ta bola can nesa don kada ta gane hanya. Jaki ya gama ɗaukar kaya shekara da shekaru, bayansa duk gyambo, a kore shi ya bi juji. An ci moriyar ganga an yar da kwaurenta. Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya: kuɗin da aka hana dabbar, sau nawa ake miƙa su ga mai yunwar da aka fake da shi? Tausayi ba mudun gero ba ne da zai ragu don an ɗiba wa mage.

Sai tambaya ta biyu, wadda ta fi tsaya mini a rai. Likita ya ce idan ta kai ba ci ba sha, sai wahala, akwai allurar da ake yi mata ta tafi cikin barci. Ya halatta? Malamai sun yi saɓani. Malikiyya, kamar yadda ya zo a Mukhtasar Khalil da sharhohinsa, sun halatta yanka dabbar da ba a cin namanta idan an fid da rai da ita, domin a hutar da ita. Shafi'iyya kuwa sun hana. Abin da na natsu da shi shi ne halacci, da sharaɗi uku: masani ne zai ce an fid da rai, a bi hanya mafi sauƙi gare ta, sannan niyyar ta zama hutar da ita. Na ukun nan shi ne jarrabawar, domin sau da yawa mu ne muka gaji da wanke amai, sai mu kira gajiyarmu tausayi. Kada kuma wani ya ɗauki wannan hukunci ya kai kan ɗan Adam, wannan haram ne.

Mu ba mu kai ga allurar ba. Wata biyu muna jinya, ranar wata Laraba na dawo daga sallar asuba na same ta ta cika a ƙarƙashin gadon Inna, inda ta saba kwanciya. Muka haƙa rami a bayan gida muka rufe ta. Babu sallah babu likkafani, wannan na ɗan Adam ne.

'Yata mai shekara 7 ta yi kuka sosai, wata gwaggonta ta ce, "Ke, a kan mage?" Na ce a ƙyale ta. Ƙanin Anas bin Malik, Abu Umair, yana da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi, sai ya mutu. Annabi (SAW) ya gan shi cikin damuwa, bai yi masa dariya ba, bai tsawatar masa ba, sai ya kira shi da alkunyarsa ya tambaye shi labarin tsuntsun cikin raha. Shugaban halitta ke nan, da duk abin da ke kansa. Da ta tambaye ni ko Baturiya za ta shiga Aljanna, na gaya mata abin da ya tabbata: za a tara dabbobi ranar Ƙiyama a yi musu adalci, har tunkiya marar ƙaho a rama mata a kan mai ƙaho, kuma 'yan Aljanna suna da duk abin da ransu ke so. Na ce ta dage ta shiga, sai ta roƙa a can.

Bayan mako uku ladan ya kawo mana 'yar kyanwa da ya tsinta a wurin alwala, ta jiƙe sharkaf. Yarinyar nan ta ce atafau ba ta so: "Abba, cin amanar Baturiya ne." Na ce mata, "Amanar Baturiya mun sauke ta ranar da muka rufe ta. Wannan ba ta zo maye gurbin kowa ba, ita ma rai ce mai jin yunwa. Da kakarki ta wuce ta bar waccan a bakin rariya, da kin san ta?" Ta yi shiru. Da dare na gan ta tana zuba mata madara a murfin kwano.

A nan na gane cewa gadon da Inna ta bar mana shi ne halin durƙusawa a ɗauki abin da kowa ya tsallake.

Don haka wanda zai karɓi sabuwar dabba, ya kai ta a yi mata rigakafin ciwon haukan kare, a ba ta maganin tsutsar ciki. Kada ya damu da batun tsarki, hadisin Abu Ƙatada a Muwaɗɗa ya nuna mage ba najasa ba ce. Amma kafin komai ya tambayi kansa: zan iya da ita ranar da ta daina kama ɓera? In amsar a'a ce, ya bar ta ga wanda zai iya.

Allah Ya sanya tausayi a zukatanmu, Ya tausaya mana ranar da muka tsufa muka zama sai an ɗauke mu, Ya jiƙan iyayenmu. Wallahu a'alam.