Waƙa Ba Suna

Duk wanda ya taɓa shiga motar Arlit zuwa Assamakka ya san abin da ke cikin katin memuwar direba: waƙoƙi ɗaruruwa, da yawa ba suna, sai lambobi barkatai. Ka ce, "Direba, wa ya yi wannan?" ya ce maka wani yaro ne a Akokan, shi ke nan. Waƙar za ta ƙetare iyaka, ta kwana In Gezzam, ta kai Tamanrasset ba wanda ya tambaye ta takarda. To mai ita fa, riba ya ci ko cutarsa aka yi?

Mu fara duba yaron. Irinsa suna da yawa, na san wasu. Da rana kabu-kabu yake yi, kuma tun da aka rufe COMINAK a 2021 kuɗi suka ja baya a gari. In an dace da biki, ya ɗauki gita da lasifikar aro ya tafi. Ɗaukar sauti kuwa sai dare ya raba, zafi ya sauka, babura sun yi shiru. Ya rataye barguna a bango don kada murya ta yi amsa-kuwwa, ya kaɗe ƙura daga tsohuwar kwamfuta, yana addu'ar kada a ɗauke wuta kafin ya adana. Mako biyu a kan waƙar minti huɗu. Da ta fita, cikin daƙiƙa kaɗan ta koma wayar wani.

Wasu abokaina sun ce wannan sata ce. Ni ban yarda da kalmar ba, ƙila don karatun harshe ya sa ni tsegumi a kan kalmomi. A Hausa, abin da aka sace ya bar hannun mai shi. In an sace maka akuya, turke ya zama wayam. Waƙar yaron kuwa tana nan a kwamfutarsa. Kuma kada mu manta, kwafin nan shi ya raya kiɗan gitar Abzinawa. Lokacin tawayen 1990 zuwa 1995 an hana waƙoƙin Abdallah Oumbadougou, kaset ɗinsa a ɓoye ake juya su, hannu zuwa hannu. Da kowa ya tsaya jiran izini, da ba su iso kunnenmu ba.

Cutar tana wani wuri daban. Ku dubi Mdou Moctar. A 2008 ya je Sakkwato ya ɗauki Anar, da na'urar nan mai lanƙwasa murya irin ta waƙoƙin fim ɗin Hausa. Waƙoƙin suka bazu daga waya zuwa waya ta Bluetooth har Mali, inda wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya ji su, ya sa ɗaya a cikin tarin Music from Saharan Cellphones na 2011. Amma sai da ya sha nema kafin ya gano mai muryar. Yau Mdou yana wasa a Amurka da Turai. Da ba a gano shi ba fa? Mawaƙin da ba kamfani a bayansa, sunansa ne jarinsa. Da suna ake kiran mutum biki, da suna ake neman lambarsa. Wanda ya tura waƙa bai rage wa yaron komi ba. Wanda ya goge sunan, ko ya ga babu bai damu ya tambaya ba, shi ya taɓa masa tuwo.

Sai dai fa shi ma yaron akwai bashi a kansa, kuma nan ne maganar ke yi wa abokaina mawaƙa ɗaci. Kiɗan da yake zubawa a gita ba daga sama ya faɗo ba. A ƙarƙashinsa akwai tende, turmin daka da aka rufe da fatar akuya, wanda mata ke bugawa suna waƙa ana tafi. Akwai imzad, gogen nan mai tsirkiya ɗaya da mata ke gogawa, wanda UNESCO ta sa cikin gadon duniya a 2013. Yaro zai naɗi tenden kakarsa a waya, ya yanka, ya maimaita shi a kwamfuta, ya ɗora murya, sannan ya rubuta sunansa shi kaɗai. In ka yi magana ya ce, "Ai gadonmu ne." Gaskiya ne. Amma kowa ya san kafin a raba gado sai an biya bashin mamaci. Mu muna son rabon, bashin ne ba mu son ji.

Za a ce waƙar tende ba ta da mawallafi ɗaya, wa za a ambata? Wannan hujja ce mai ƙarfi, amma ba ta kai ƙarshe ba. Ba ka san wadda ta fara ba, ka dai san bakin da ka ji ta, ka san ƙauyen. Les Filles de Illighadad sunan ƙauyensu suka ɗauka, kuma a faifansu na 2016 gefe ɗaya gita ne, ɗaya gefen tende zalla, don mai saurare ya ji uwar da ɗiyar.

Matsalar da ta rage ta na'ura ce. Ko ka rubuta suna a jikin waƙa, kafin ta bi wayoyi biyar ta WhatsApp ya koma lambobi. Tsofaffin mawaƙan Hausa sun riga mu warware wannan ba su san kwamfuta ba. Mamman Shata yakan ambaci kansa a tsakiyar waƙa, shi ya sa ko kaset ɗin ya yi kwafi goma, takardar jikinsa ta yage, ba ka tambayar ta wa ce. Abin da aka faɗa da baki a cikin sauti ba mai iya goge shi sai ya ɓata waƙar. Daƙiƙa biyar sun ishi yaron Akokan ya faɗi sunansa, da na tsohuwar da ta buga masa turmi, da garin da take.