Shin Neman Maganin Ƙiba Raina Halittar Allah Ne?

Wani dattijo a unguwarmu ta Koki ya tare ni bayan sallar La'asar. Likita ya shaida masa nauyinsa ya wuce kima, ga ciwon sukari, ga hawan jini, gwiwoyi kuma sun hana shi sujada sai a bisa kujera. Ya ce, "Malam, in na nemi maganin rage jiki, ban raina yadda Allah Ya yi ni ba?"

Tambayar ba ta wasa ba ce, gama mun daɗe muna ɗaukar teɓa alamar wadata, wanda ya rame kuwa a tambaye shi ko lafiya. Amma fataken da suka riƙa takawa har Gwanja neman goro, tuwon da suka ci a hanya yake ƙarewa. Mu kuwa ko Kasuwar Kurmi za mu, sai mu tsaya jiran adaidaita-sahu da lemon kwalba a hannu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana fama da ƙiba.

Na amsa masa cewa malamai sun rarrabe tsakanin sauya halitta domin ado da gusar da cuta. Kitsen da ya raba goshi da ƙasa cuta ce, neman maganinta kuwa ba ya warware tawakkali. Farkon maganin yana cikin akushi. Aya ta 31 ta Suratul A'arafi ta hana ɓarna a ci da sha, hadisin da Tirmizi ya ruwaito kuma ya ware wa numfashi sulusin ciki. Sai tafiya da ƙafa. In wannan ya gaza, akwai allurai irin su Wegovy masu rage sha'awar abinci, sai dai suna da tsada, kuma nauyi yakan dawo in an daina. Tiyatar rage tumbi ita ce ta ƙarshe, bisa shawarar likita.

Abin da ya fi damuna shi ne masu tafiya ta ɗaya ɓangaren. 'Yan mata na haɗiyar ƙwayoyin sha-ka-fashe gabanin aure domin jiki ya cika, alhali wasunsu kumburi suke sawa, su jawo ciwon sukari, su raunana ƙashi. Nan ne cutar da kai domin ado take, amma har yau ba uwar da ta aiko ta tambaye ni hukuncinsa.